Ruwan foraj da haƙoran ɗiyata: ina neman shawara kan sinadarin fuluwor

Maman Hafsa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata tambaya ce ta daɗe tana cina, ina roƙon masu sani su taimaka min, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka san harkar ruwa.

Ni malamar lekol ce, 'yar Tsibiri, aure ya kawo ni Maradi. Muna zaune a sabuwar unguwa can bayan gari inda layin fanfo bai iso ba tukuna. Ruwan shanmu da na girki duk daga foraj ɗin wani bawan Allah yake, wato rijiya mai zurfi da aka haƙa da inji, 'yan ga-ruwa ke kawo mana a bido. Ruwa ne garai-garai, ba wari ba ɗanɗano, ban taɓa jin wanda ya yi zawo da shi ba.

Ɗiyata wata bakwai gare ta, haƙora biyu na ƙasa sun leƙo. Allah ya taimake ni hutun haihuwa ya haɗe da babban hutu, na samu na ba ta nono zalla wata shida cif. Da aka koma lekol a watan Oktoba sai na fara barinta wurin kakarta, uwar maigidana. Kafin in dawo ana dama mata madarar gwangwani da koko, duk da ruwan foraj ɗin nan.

Duk wanda ya tashi a Tsibiri ya san abin da ya sa hankalina bai kwanta ba. Yayana ƙafafunsa sun lanƙwashe tun yana yaro, har yau tafiya mai nisa wahala take ba shi. Ni Allah ya tsare min ƙashi, amma haƙorana na gaba jajaye ne, na girma ina rufe baki da mayafi idan zan yi dariya. Ruwan da muka sha a can ne ya jawo haka, shi ma garai-garai yake, kamar wannan.

Ga kuma abin da ya ƙara rikita ni. Maigida ya sayo wa yarinyar man goge baki na yara, na duba kwalin na ga akwai fuluwor a ciki. Wata 'yar uwarsa da ke zaune a waje ta aiko da wani maganin ɗigo, bitamin D haɗe da fuluwor, wai yana ƙarfafa haƙori. Ni abin da na sani shi ne wannan sinadari ya nakasa yayana. Ta yaya za a ce in ɗiga wa jaririya shi a baki? Tafasa ruwa yana kashe shi? Yana bi ta nonona ya shiga jikinta, tunda ni ma ruwan nake sha? Man goge bakin in yi amfani da shi ko in ajiye? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Bagobiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki raina ya ɓaci, don ni ma ɗan gari ne, a gabanmu aka yi komai.

Waɗanda ba su sani ba su ji. A 1985 aka fara ba Tsibiri ruwa daga wata rijiya mai zurfi, mutane na murna sun huta da guga. Yaran da aka haifa bayan nan suka riƙa tashi da jajayen haƙora, wasu da gwame, wasu ƙafa ta yi baka, wasu kai ya yi girma. Aka yi ta cewa iska ce, aka yi ta yawon magani. Sai bayan shekaru kusan goma sha biyar magana ta fito fili cewa ruwan ne, fuluwor ɗin da ke ciki ya ninka abin da ya kamata fiye da sau uku. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, sun fitar da rahoto a kai a 2002. Yara ɗaruruwa ƙashinsu ya lalace, masu tabon haƙori kuwa dubbai ne.

Shawarata, ki zubar da ɗigon nan, ki zubar da man. Kakanninmu da asuwaki suka rayu, sun tsufa da haƙoransu suna tauna ƙashi. Reshen bedi ya ishe mu. Abin da ya cuce mu sau ɗaya ba za mu sayo shi da kuɗinmu mu sa wa 'ya'yanmu a baki ba.

Likitan haƙori ya rubuta:

Malama Maman Hafsa, sannu da ƙoƙari. Tsoronki yana kan hanya, kuma Malam Bagobiri bai ƙara gishiri a labarin Tsibiri ba. A kan man goge baki ne kawai zan saɓa masa, zan faɗi dalili.

Fuluwor hanya biyu yake isa ga haƙori, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Idan ya taɓa haƙorin da ya riga ya fito, daga waje, yana taimakonsa. Duk lokacin da yaro ya sha zaƙi, ƙwayoyin cutar da ke baki suna mai da sukarin tsami, tsamin yana zaizaye farin ɓawon haƙori. Ɗan fuluwor da ke cikin miyau yana taimaka wa ɓawon ya mai da abin da ya rasa, ya kuma ƙara jure tsami. Wannan shi ne aikin man goge baki. Amma idan an haɗiye shi da yawa, ya shiga jini, ya isa ga haƙoran da ake kan ginawa cikin muƙamuƙi, sai ya dagula aikin ƙwayoyin da ke gina ɓawon. Haƙorin ya fito da fararen zane kamar alli, in abin ya yi yawa ɓawon ya yi raɓa-raɓa, ya sha launi ya koma ja ko ruwan ƙasa, har ya riƙa ɓantarewa. Kamar tukunya ce: abin da ya shiga yumɓu lokacin gini, wanki ba ya fitar da shi bayan an gasa. Shi ya sa goga ba ta taɓa cire miki naki ba.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: haƙora biyun da kike gani a bakin Hafsa tun tana ciki aka fara gina su. Waɗanda ake ginawa yanzu su ne na girma, da za su fito bayan ta yi famfara. Turamen farko suna fara ƙarfi tun wajen haihuwa, na gaba kuma tun tana wata uku zuwa huɗu. Lokacin da ya fi haɗari ga haƙoran gaba na sama, waɗanda ake gani idan an yi murmushi, shi ne daga kamar wata 15 zuwa wata 30. Bayan shekara takwas an gama ginin ɓawon galibin haƙora, tabon ba ya sake kama su. To kin ga abin da ta sha bana sai ta shiga lekol za a gan shi.

Nono ki kwantar da hankalinki. Fuluwor ɗin da ke ratsawa cikin nono kaɗan ne ƙwarai, wajen miligiram 0.01 a lita ko ƙasa da haka, ko da uwa tana shan ruwa mai yawansa. Wata shidan da kika yi kina ba ta nono zalla kin kare ta.

Inda maganar take shi ne madarar gwangwani, domin kusan dukanta ruwa ce. Mu yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ruwan sha ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ma'aunin da ake bi wa ƙananan yara shi ne kamar miligiram 0.05 kan kowane kilo na nauyinsu a rana, wato jaririya mai kilo 7 kamar 0.35. Masana abinci a Amurka sun sa iyakar da bai kamata a haura ba: 0.7 a rana ga ɗan ƙasa da wata shida, 0.9 ga ɗan wata bakwai zuwa shekara. Jaririn da ya dogara da madara, yana shan mililita 800 a rana da ruwa mai 1.5, ya haɗiye 1.2. Ya haura iyaka ke nan da ruwan da a takarda ba a hana ba. In ruwan 0.3 ne, 0.24 kawai ya sha, babu damuwa. Ga kuma zafinmu. Yaro a Maradi a watan Afrilu ya fi yaron Turai shan ruwa nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a Senegal, aka buga a 1988, ya nuna cewa a ƙasa mai zafi tabon haƙori yana yawaita tun ruwa bai kai 1.5 ɗin ba. Amurka da ke zuba shi cikin ruwan fanfo da gangan tun 1945, ita ma a 2015 ta tsayar da ma'auninta a 0.7.

Tafasawa ba ta cire shi. Ruwa ne ke tashi tururi, sinadarin ya zauna, in an daɗe ana tafasawa ma ƙaruwa yake a abin da ya rage. Duk da haka kada a daina tafasa ruwan madara, saboda ƙwayoyin zawo, wanda shi ke kashe jarirai nan take. A rufe tukunya, ya tafasa a sauke, kada a yi ta maimaita tafasa ruwa ɗaya.

Ɗigon nan kada ki ba ta. A Faransa inda aka saba rubuta shi, tun 2008 hukumar magungunansu ta ce ba a ba jariri ɗan ƙasa da wata shida, bayan nan ma sai yaron da ke cikin haɗarin ruɓewar haƙori sosai, kuma sai an lissafa abin da yake samu daga ruwa da sauran wurare. Ke ba ki san na ruwanki ba. In ana ganin tana bukatar bitamin D, akwai shi shi kaɗai, ki tambaya a wurin awo.

Man goge baki kuwa ki yi amfani da shi, amma da ma'auni. Ki duba kwalin, za ki ga an rubuta fluor ko fluoride da lamba, 1000 ppm ko 1450 ppm, wato yawansa a cikin man. Mai 1000 ya dace da ita. Ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa guda a kan buroshi mai laushi, safe da dare, har ta kai shekara uku. Wannan shafen bai wuce miligiram 0.1 ba ko ta haɗiye shi duka. Daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake ƙarama, babba na tsaye a kai, a koya mata tofarwa. Ki ajiye shi inda hannunta ba ya kai, domin na yara zaƙi gare shi, suna tsotsarsa. In gwaji ya nuna ruwanku yana da fuluwor da yawa kuma ba ku samu wani ba, ki zo da takardar wurin likitan haƙori a sake duba maganar man.

Maman Hafsa ta rubuta:

Lokotoro na gode, Allah ya ƙara sani. Maganar nono ta sauke min kaya, don har na fara tunanin ko ni ce nake shayar da ita cutar. Yaya Bagobiri na gode, Allah ya ba waɗanda abin ya shafa lafiya da haƙuri.

To yanzu yaya zan san abin da ke cikin ruwan? Mai foraj ɗin mutumin kirki ne, ba na so ya ɗauka ina ɓata masa sana'a. In na koma piya-wata don madararta, na tsira? Akwai kuma wani abu: idan maza suna dafa shayi a ƙofar gida, kakarta takan ɗiga mata na ƙarshe a baki, wai mai zaƙin. In an dama kunun kanwa ma ana lasa mata.

Mai aikin foraj ya rubuta:

Malama, aikina ke nan haƙar rijiyoyi, na yi shi a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa da Tasawa. Abin da zan fara gaya miki, ido da harshe ba sa gane fuluwor. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa, ruwan da ya daɗe kwance can ƙasa yakan fi ɗaukarsa. Shi ya sa sau da yawa rijiya mai zurfi ta fi ta gulbi yawansa, ko da yake ta gulbi ta fi ta ƙazanta. Jiharmu an san ta da wannan matsala a wasu wurare. Amma ba kowane foraj ba ne. Biyu za su kasance unguwa ɗaya, zurfinsu ya bambanta, wannan lafiya lau, wancan ya haura. Don haka kada a yanke wa mutumin nan hukunci, kada kuma a wanke shi, sai an auna.

Abubuwan da ba sa cire shi: tace ruwa da ƙyalle, ajiye shi a randa ya kwana, ruwan jabel, ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs. Waɗannan na datti ne da ƙwayoyin cuta. Masu cire shi su ne injin tacewa irin na osmos, da gawayin ƙashi da aka ƙona musamman don wannan aiki, da wata dabara ta alif da farar ƙasa da aka ƙirƙiro a Indiya, ana kiranta Nalgonda. Wannan ta ƙarshe ban ba ki shawarar ki gwada a gida don jaririya ba, sai an san ma'auni. Ruwan sama ba shi da fuluwor sai ɗan abin da ba a rasa ba, in an tare shi da tsabta bayan rufi ya wanku, a kuma tafasa.

Piya-wata ya danganta da inda aka ɗebo shi da injin da aka bi da shi. Wani da osmos yake tacewa, wani ruwan foraj ne kawai aka ɗura a leda. Ruwan kwalba na kamfani wasu suna rubuta abin da ke ciki a jikin takardar, ki nemi wanda ya nuna fuluwor ƙasa da miligiram 0.3 a lita. Na madara da koko kaɗai za ki saya, ba na gida duka ba. Wanka da wanki da wanke-wanke da ruwan foraj babu komai, ba ya shiga ta fata.

Inna ungozoma ta rubuta:

Ɗiyata, ni tsohuwar ma'aikaciyar gidan haihuwa ce, na aje aiki. Jikata ke rubuta mini wanga saƙo.

Lokotoro ya gama magana, ni guda zan ƙara. Ki rage gwangwanin nan ki ƙara nono. Ki ba ta ta ƙoshi da asuba kafin ki fita. Ki tatsa a kofi mai murfi wanda aka wanke da ruwan zafi, a aje shi wuri mai sanyi gindin randa, yana kai awa huɗu bai lalace ba, a ba ta da cokali ko da kofi. Kin dawo ki ba ta, da dare ki ba ta, har shekara biyu in Allah ya yarda. Duk cikin da nono ya cika, ruwan foraj bai samu wuri ba. Kuma kuɗin gwangwani ya koma ƙwai da ƙuli-ƙuli da garin zogale a kokonta. Yaran da ruwan Tsibiri ya fi karyawa, da yawa dama abinci bai ishe su ba. Jikin da ya rasa abin gina ƙashi ya fi saurin kamuwa.

Shayi ba na jariri ba ne. Ganyen shayi shi kansa yana tara fuluwor ɗin nan, ga sukari, ga shi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini. Kunun kanwa na mai jego ne, ba na ɗiya ba. A Tanzaniya akwai wata 'yar uwar kanwa da suke sa wa girki, magadi, an tabbatar tana jajayta haƙoran yara ko inda ruwansu ba shi da laifi. Ban ga dalilin lasa wa 'yar wata bakwai kanwa ba.

Uwar mijinki kuwa kada ki tunkare ta da takarda a hannu, ke malamar lekol, sai ta ga raini. Ƙauna ce ta sa take ɗiga mata. Ki bi ta wurin ɗanta, ko ranar awo ki ce Inna ki raka ni, ta ji daga bakin ma'aikaciya da kunnenta. Na ga tsofaffi da yawa da suka ƙi maganar suruka suka karɓi ta mai farar riga, har su koma su ke tsawata wa maƙwabta.

Bagobiri ya rubuta:

Lokotoro na ji bayaninka, amma har yanzu zuciyata ba ta yarda da man ba. Me asuwaki ya rasa?

Likitan haƙori ya rubuta:

Malam, asuwaki bai rasa komai ba, ni ma ina yi, yana cire dattin haƙori sosai. Abin da ya canja shi ne bakin yaranmu. Kakanninmu ba su tashi da biskit da alewar leda da jus ba, kokonsu ba ya shan sukari kamar na yau, ba a kwantar da su da bibaro a baki. Yaran da ake kawo min 'yan shekara uku, haƙoran gaba na sama sun ruɓe har dasashi, ba sa barci, ba sa cin abinci, wani fuska ta kumbura. Iyaye su ce ai na nono ne za su zube. Turamen nono sai wajen shekara goma zuwa sha biyu suke zubewa, yaro ba zai jira haka da ciwo ba. Saboda irin wannan ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuluwor cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba. Yaron Tsibiri da ke shan lita guda ta wancan ruwa yana haɗiye abin da ya ninka shafen ƙwayar shinkafa sau arba'in ko fiye, kullum, shekara da shekaru.

Kuma ba kowane jan haƙori ne fuluwor ba. Kafson tetrasiklin da ake saya a tebur a fasa wa yara idan suna zawo yana rina haƙoran da ke ciki har abada, shi ya sa ba a ba ɗan ƙasa da shekara takwas. Maganin ƙarin jini na ruwa yakan sa baƙi a sama, shi wannan yana gogewa. Tabon fuluwor yakan kama dama da hagu daidai, haƙori yana fitowa da shi, kuma za ka tarar da shi a bakin yaran da suka sha rijiya ɗaya.

Maman Hafsa, naki ma akwai gyara. Ana goge saman ɓawon ko a rufe shi da farin ciko, ya danganta da zurfin tabon. Ki zo a duba.

Maman Hafsa ta rubuta:

Inna na gode, zan bi ta hanyar awo kamar yadda kika ce. Lokotoro in sha Allahu zan zo. Na yi magana da mata uku a layinmu, duk masu goyo ne, mun yarda mu haɗa kuɗi a auna ruwan. Maigida ya ce shi zai je wa mai foraj da maganar bayan sallar isha'i. Malam mai aikin foraj, ina ake kaiwa, kuma yaya ake ɗiba?

Mai aikin foraj ya rubuta:

Ku fara tambayar mai foraj ɗin ko yana da takardar gwajin da aka yi lokacin haƙa. In akwai, ku duba ko an auna fuluwor a ciki, domin wani gwajin na ƙwayoyin cuta ne kawai. In babu, ku je ofishin ma'aikatar ruwa ta jiha nan Maradi, su za su nuna muku ɗakin gwaji da abin da ake biya.

Ku samu gorar roba sabuwa, ta ruwan kwalba ta isa, ba ta lemo ba. A bakin foraj ɗin za a ɗiba, ba a bidon ɗan ga-ruwa ba. A bar ruwan ya zuba na 'yan mintoci, a ɗauraye gorar da shi sau uku, a cika, a rufe, a rubuta rana da unguwa a jiki. Ku ce musu fuluwor kuke so a auna, a ba ku sakamakon a rubuce da lamba, kada ku karɓi "ruwan yana da kyau" da baki. Ku tambayi ɗan ga-ruwanku ko wuri ɗaya yake ɗiba kullum, domin idan layi ya yi tsawo wasu sukan koma wani foraj ɗin. In haka ne, gora biyu za ku kai. Idan takardar ta fito ki sa lambar a nan, Lokotoro ya duba miki ita da nauyin yarinyar.